Makullin Famfon Gidanmu na Fagge

Gidan hayar da na fara zaman aure a Fagge ɗaki goma sha biyu ne, famfo ɗaya. Tanki ne a sama, sai an kawo wuta inji ya cika shi, kafin azahar kuma ya ƙafe. Don haka kullum cikin rigima ake. Matar wannan ta ture bokitin matar wancan, mu maza mu dawo daga kasuwa a gajiye mu tarar da shari'a tana jiranmu tun daga zaure.

Wata Lahadi muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka yanke a sa wa famfon kwaɗo, a damƙa makulli hannun mutum ɗaya. Ni aka fara nunawa, wai na yi makaranta. Na ce ina! Ni da nake wuni a kasuwar Kwari, yaushe zan iya? Ƙarya nake yi, matata tana gida. Abin da nake gudu shi ne in kalli idon maƙwabcina in ce masa ya isa haka. So nake a ci gaba da cewa ni mutumin kirki ne. Maƙwabcina Ibo, mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, shi ma ya zame. Kowa ya zame. Sai wani dattijo, tsohon masinja da ya yi ritaya, wanda ko gaisuwarsa ba kowa ke tsayawa ya amsa ba, ya ce shi zai taimaka. Muka yi ta sa masa albarka, kowa ya miƙe sakayau kamar an sauke masa buhu. Don tsokana muka fara ce masa Shugaba.

Kafin wata biyu babu mai dariya in ya faɗi sunan. Ya rataya makullin a wuya da igiya, ya kafa doka: kowane ɗaki bokiti uku. Kuma gaskiya faɗa ya ragu. Mata suka daina zagin juna, suka koma zaginsa a bayan labule. Wallahi daɗi muka ji! Mun samu wanda za mu ƙi tare, mu kuma mu fito da hannu fes. Matata ta fara aika masa da tuwo, bokitinmu ya zama huɗu, na yi kamar ban lura ba. Wata safiya na tsinci kaina ina rusuna masa, ni da ƙafata, ba wanda ya sa ni.

Mutum ɗaya ce ba ta rusuna ba. Iya, tsohuwa Bayarabiya, ta fi kowa daɗewa a gidan. A ɗakinta ta haifi 'ya'yanta, a ciki mijinta ya rasu. Da kamu take ci: ta jiƙa masara, ta kai niƙa, ta tace, ta ɗauka a ka zuwa mahaɗar Bata ta sayar. Tatar kamu kuwa ruwa take sha, bokiti uku ko rabin aikin ba sa yi. Ta san Shugaba tun ranar da ya shigo gidan da tabarma da buta, don haka da sunansa take kiransa, gatsal. Shi kuma ya ce ruwan na sha da wanka ne, ba na kasuwanci ba. Ta koma sayen na 'yan garuwa, sana'ar ta daina ciyar da ita, masu saye suka koma wurin wasu. Duk muna gani.

Ita ta sa aka sake zama. Ta tsaya a kanmu ta yi magana ba kwana-kwana: ba sadaka take roƙo ba, a bar ta ta ɗebi ruwan aikinta, in ba haka ba zaman gidan ya gagare ta.

Shugaba ya kumbura. Ya cire igiyar daga wuyansa ya jefa kan tabarma.

"Ga shi nan," in ji shi. "Na gaji da rashin godiya. Wanda ya ga zai iya, bismillah."

Makullin ya faɗo dab da gwiwata. Iya ba ta da halin ɗauka, ita ce mai ƙara. Ni ta kalla. Ni kuwa na ƙura wa tabarma ido, ina tunanin ɗaki goma sha biyu da matan cikinsu, da yadda gobe ni za a zaga a bayan labule. Har bokitin nan na huɗu sai da na tuna, Allah Ya yafe min. Sai na ji muryata tana cewa, "Haba Shugaba, a yi haƙuri mana. In ba kai ba wa zai iya?"

Nan fa kowa ya samu baki. Muka yi ta ba shi haƙuri, yana kawar da kai, muna ƙarawa. Da ya ga mun roƙe shi sosai ya miƙo hannu, na ɗora masa makullin da hannu biyu. Yau in na ji mutane suna kukan an danne su, raina ɓaci yake yi, don na san mutumin nan bai ƙwaci komai a hannunmu ba.

Ƙarshen watan Iya ta tattara, za ta koma wurin 'yarta. A-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, na fito da sauri in taya ta loda kaya. Na kama babbar tukunyar da take jiƙo a ciki, sai ta dafa min hannu.

"Ajiye, ɗana, kar ka ji ciwo," in ji ta. "Kai da makulli ma ya yi maka nauyi."

Na ajiye. Ita da direban suka ɗora.