Mai Tsani da Kyamarar Bakin Ƙofa

Sati uku ke nan da faruwar abin, amma har yanzu idan ƙofar gidanmu ta yi ƙara sai na tashi na leƙa. Umma ta ce in daina maimaita zancen. Na daina faɗa da baki, shi ya sa na ɗauko takarda. Labarin wani mutum nake so in rubuta, sai dai duk inda na ɗauko nasa sai in tarar nawa ya maƙale a jiki.

Ban san sunansa na yanka ba. Duk layinmu Mai Tsani ake ce masa, saboda tsanin ƙarfe da yake ɗaurewa a gefen babur ɗinsa. Ni Kawu nake kiransa, duk da ba mu haɗa dangi ba. Gajere ne, ya ba hamsin baya, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, don haka idan ana masa magana sai ya juyo da gefe kamar mai fushi. Da gyaran rediyo ya fara, a wata rumfa kusa da tashar mota. Da rediyo ta daina ciyar da shi ya koma talabijin, daga nan ya hau rufin mutane yana kafa eriya da dish. Yanzu kyamarorin tsaro yake sakawa a gidaje da shaguna. Ya taɓa ce min, “Ni duk abin da aka ƙirƙiro sai ya tsufa a hannuna, ya mutu ya bar ni.” A nasa gidan ko kyamara ɗaya babu. Idan aka tambaye shi sai ya ce, “Me za a sata? Tsani?”

Ba ya karanta Turancin da ke cikin akwatin da ke naɗe hotunan. Ƙirgawa yake yi: layi na uku, gida na biyu, a danna. Ranar da na fara ganin haka ina hutu daga jami'a, inda nake karatun kwamfuta, na yi dariya har ya ji da kunnen da ba ya ji. Tun daga ranar yake ce min Injiniya.

Bara ya shigo gidanmu, lokacin da Baba ya fara mantuwa. Baba kafinta ne, ya ajiye aiki shekara shida da suka wuce. Yana da ciwon suga, kullum da safe ana masa allura, kuma dole ya ci abinci cikin rabin awa, in ba haka ba sugan ya faɗi ya kayar da shi. Da ya fara fita ba tare da ya faɗa wa kowa ba, Yaya, babban wana, ya ce a sa kyamara. Mai Tsani ya sa uku: tsakar gida, bayan gida, da bakin ƙofa. Akwatin ya ajiye shi a falo, ƙarƙashin talabijin.

A watan da ya wuce ruwan sama ya shiga kyamarar bakin ƙofar, ta mutu. Na kira Mai Tsani, ya ce yana wani aiki a wata makaranta, sai Alhamis ta sama. Ni kuma wata takwas ina zaune a gida da digiri, ba aiki, in ban da wanke-wanke da allurar Baba. Na je na sayo sabuwa, na taka tebur, na ɗaura ta a ƙarƙashin rumfar kwanon ƙofa don kada ruwa ya sake taɓa ta. A wurin ba ta zama sai a rataye, kanta a ƙasa. Da na kunna, hoton ya fito a kife, titi a sama, sama a ƙasa. Na shiga saiti, na ga wurin juya hoto, na danna, ya miƙe tsaye. Abin da take gani ɗan kaɗan ne: dakalin ƙofa, kwalta, da katangar gidan da ke kallonmu, doguwa, ba taga ba rubutu. Komai ya yi daidai a idona.

Na kira shi na ce ba sai ya zo ba.

Ya ce, “Kin gwada ta?”

“Na gwada, Kawu. Tana nunawa tar.”

“To Injiniya, Allah ya yi albarka. Kin ƙwace min abinci.”

Ranar Talata, takwas saura ashirin, na yi wa Baba allura a falo. Na shiga kicin, na tarar gas ya ƙare, na tsaya canza tukunya. Umma tana wanka. Da na fito da faranti, kujerarsa babu kowa, ƙofar gida kuma a buɗe kamar faɗin tafin hannu.

Na leƙa waje, ban ga kowa ba. Na dawo da gudu na mayar da hoton baya. Ga Baba nan, takwas saura minti takwas, da hularsa da sandarsa, ya ba kyamara baya. Ya ɗan tsaya, ya juya dama, ya fita daga hoton.

Dama ita ce hanyar babban titi da kasuwa da tasha. Na kira Yaya a shagon tayarsa. Kafin minti ashirin ya iso, maƙwabta sun fito, aka rarrabu. Ni kasuwa na shiga, ina nuna hotonsa a waya, ina tambayar masu tumatir da masu gwanjo. Kowa ya girgiza kai. Ni ba fuskokinsu nake gani ba, allurar nake gani, tana aiki a jikinsa ba ko loma ɗaya a cikinsa. Da hannuna na yi masa ita.

Wajen ƙarfe goma Yaya ya tuna cewa Mai Tsani ne ya sa wa mai kemis na kan kwanar dama kyamara. Ya kira shi. Mai Tsani ya bar aikin makarantar ya taho, da ƙurar siminti a gashin girarsa. Muka shiga kemis ɗin tare, ya ja kujera, ya ƙirga layukansa, ya buɗe hoton safiya. Muka kalla daga takwas saura kwata har takwas da rabi. 'Yan makaranta sun wuce, mai ruwa ya wuce, wata akuya ta wuce ta dawo. Baba bai wuce ba. Muka tsallaka shagon mai fenti, shi ma Mai Tsani ne ya sa masa kyamara. Nan ma babu.

Daga ƙofarmu zuwa kemis taku talatin ne, babu lungu, babu kwana.

Yaya ya ce, “To ƙasa ce ta haɗiye shi?”

Muka koma gida. Umma ta zauna a ƙasa dirshan. Wata maƙwabciya ta ce ƙila mota ce ta tsaya aka ja shi ciki, wata ta ce mata ta rufe baki. Yaya ya ce agogon akwatinmu ne ba daidai ba. Mai Tsani ya duba na hannunsa, ya duba na allo, daidai suke. Yaya ya ce to hoton jiya ne. Mai Tsani ya nuna masa kwanan wata, na yau ne. Ni ina tsaye a jikin bango, kaina ya ɗaure tamau. Na ga mahaifina ya juya dama da idona, na kuma ga bai isa dama ba da idona, kuma duka biyun na'ura ce ta nuna min.

Mai Tsani ya zauna a ƙasa gaban talabijin, ya tanƙwashe ƙafa. Ya ce in mayar. Na mayar. Ya ce in sake. Sau huɗu. Yaya ya fara tsaki.

“Malam, mun san ya fita! Kallon me kake yi kuma?”

Bai juyo ba, wataƙila ta kunnen da ba ya ji maganar ta zo. Ya kai yatsa kan allon.

“Injiniya, tun yaushe Baba ya koma bahago?”

Ban gane ba.

“Sandar nan. A wane hannu take?”

Na duba. A hagu take. Baba kuwa kafaɗarsa ta hagu ta taɓa gocewa tun yana aiki, ko kofi ba ya ɗaga da ita.

Ya ce da Yaya, “Je ka bakin ƙofa. Ka ba kyamara baya, ka miƙa hannun da kake cin abinci da shi.”

“Yanzu lokacin wasa ne?”

“Je ka, na ce.”

Yaya ya fita yana ƙunƙuni. Muka mayar da allon kan abin da ke faruwa a lokacin. Ga shi nan ya ba mu baya. Ya miƙa hannu. Hannun ya nuna hagun allo.

Mai Tsani ya yi ƙasa da murya, yadda Umma ba za ta ji ba. “Gida biyu ne a jere a wurin juya hoton nan. Ɗaya yana juya hoto kamar yadda ake juya faranti a kan tebur. Ɗayan yana kifa shi kamar madubi. Duka biyun za su miƙar miki da shi tsaye. Na madubi kika danna.”

Agogon da ke saman hoton akwatin ne ke rubuta shi daga baya, shi ya sa lambobin suka fito daidai. Babu abin da zai sa in yi zargi. Haka nake faɗa wa kaina har yau, wani lokaci in yarda, wani lokaci in ƙi.

Yaya ya shigo yana cewa, “To, na miƙa. Sai me?”

Mai Tsani ya miƙe. “Kyamara ce ta juya mana hannu. Hagu ya yi. Mu tafi.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai kalle ni ba.

Hagu hanyar 'yan katako ce, inda shagon Baba yake a da. Kusan awa uku, babu wanda ya taka ko taku ɗaya ta can, saboda ni na ce dama. Na kwashi sukari a gwangwani na zuba a jaka. Mai Tsani ya kwance tsaninsa ya yar a tsakar gidanmu, na hau bayansa, Yaya ya biyo mu a nasa babur ɗin.

A rumfa ta huɗu wani mai yankan katako ya kashe injinsa ya saurare mu.

“Tsohon nan mai sanda? Ai tun safe yana nan. Ya zo yana auna mana katako da taƙi, wai yankanmu a karkace yake. Muka ce, to Baba, mun ji. Can sai ya zauna yana ta gumi. Muka ba shi lemo, ya sha rabi. Yanzu dai ya daina amsa mu, muna cewa ko barci ne.”

Baba yana kwance a kan tulin katako a bayan rumfar. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, leɓensa yana motsi ba sauti, takalmi ɗaya babu. Na kira shi, bai san ina yi ba. Na ɗebo sukarin zan zuba masa a baki. Mai Tsani ya tallafo kansa, ya ce, “A hankali. Shafa masa a dasashi, kar ki ɗura.” Ban san inda ya koyi wannan ba. A motar ɗaukar katako muka kai shi asibiti, Yaya yana ta yi wa direban ihu.

Likita ta ce rabin lemon nan ne ya riƙe shi. Ta tambayi ƙarfe nawa aka yi allurar, na faɗa, ta dube ni ta dubi agogo.

A barandar asibitin Mai Tsani ya zauna kusa da ni, ya juyo min da kunnensa mai ji. Ya ce shekara goma sha biyu da suka wuce, farkon shigarsa aikin kyamara, ya yi irin wannan a wani gida. Aka sace keke, hoto ya nuna ɓarawon ya shige ta ɓangaren wani maƙwabci, aka je aka yi wa bawan Allah tijara a gaban iyalinsa. Sai bayan kwana biyu ya gane. Mutumin har ya rasu bai sake amsa masa sallama ba. Tun daga nan duk kyamarar da ya ɗaura, sai ya sa mai gida ya ba ta baya ya miƙa hannu kafin ya sauke tsani.

Na ce, “Kawu, me ya sa ba ka faɗa min ba?”

Ya ce, “Na ga kin yi karatun abin. Na ji kunya in koya miki miƙa hannu.”

Har yanzu ban sani ba ko haƙuri ya ba ni, ko ni ya kamata in ba shi.

Kwana biyu Baba ya yi aka sallame shi. Bai tuna komai ba, sai cigiyar takalminsa yake yi. Yaya har yau yana zagin kamfanin da ya ƙera kyamarar, ni kuma ina jinsa ina yin shiru. Ya kawo mai walda ya sa sakata a can saman ƙofa, inda hannun Baba ba ya kaiwa.

Yanzu kullum da safe, bayan ya ci abinci a gabana, Baba yana sa hularsa ya je ya tsaya a bayan ƙofar. Ya tura, ya sake turawa. Sai ya juyo ya ce, “Wa ya rufe? Mutane suna jirana a shago.” Jiya na ce masa yau babu aiki. Ya ce, “Wace rana ce yau?” Na ce Laraba. Ya dube ni sosai ya ce, “To me zai hana aiki ranar Laraba?”