Batirin da na shanya a rana

Ina cikin gonar albasa a Jiratawa, ruwa ya iso kwami na uku, sai salula ta yi ƙara a aljihuna. Rakiya ce, matar yayana Lawali. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Abdu, ka taho. Mushe ya cika." Na ce mata to. Na tuna sai da na tsaya na toshe bakin ruwan da ƙasa kafin in nemi takalmina, har yau ban san dalilin da ya sa na yi haka ba. A wannan watan shekara goma sha biyar ke nan. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Allah ya jiƙansa.

Malamin makaranta ne a Maradi, shi ya sa kowa ke ce masa Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci, har matarsa. Amma mutanen Sabon Gari sun fi saninsa da wata 'yar ƙaramar kyamara mai launin toka, wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Shi apare yake ce mata. Wani Alhaji da Lawali ya koya wa 'ya'yansa karatu ne ya kawo masa ita tsaraba daga Dubai. Lokacin ƙasa ba ta zaune, ana ta rigimar tazarce, yau taron 'yan siyasa, gobe zanga-zanga, jibi malamai sun shiga yajin aiki. Duk inda mutane suka taru, Lawali yana gefe yana ɗauka. Ba shi da jam'iyya. Cewa yake wata rana za a yi musun abin da ya faru, gara a samu abin nunawa.

Matsalarta ɗaya, batiri. Ba irin pil ɗin rediyo ba ne da za ka saya a kowane tebur. Wani siriri ne mai faɗi, nata ne ita kaɗai. Bayan shekara guda ya fara gajiya, a cika shi da safe, kafin azahar ya yi ja. Ni kuwa na tashi na ga mahaifinmu yana jera pil ɗin rediyonsa a bisa katanga, rana ta gasa su, da yamma rediyo ya sake magana. Duk garinmu Tsibiri haka ake yi. Wata Asabar da muka je gaida Inna, mahaifiyarmu, Lawali yana ta ƙorafi, sai na ce ya kawo in gyara masa. Na ɗora batirin bisa kwanon rufin ɗaki tun hantsi har la'asar. Da na sauko da shi yana ƙona hannu, kuma cikinsa ya ɗan kumbura. Na ce masa ai ya ƙoshi ke nan. Muka yi dariya.

Inna ba ta son hoto. Guda ɗaya ta taɓa yarda aka yi mata, na katin ɗan ƙasa, shi ma ruwa ya cinye shi shekarar da ɗakinta ya faɗi. Lawali ya roƙe ta ya gaji. Amma ranar, tana fama da ciwon da ya zama ajalinta, ita da kanta ta ce, "Lawali, ɗauko abin nan naka." Ta sa aka ciro mata zanen sallarta, ta ce a kai mata kujera gindin rumbu don hatsinta ya fito.

Ya tura batirin da ƙyar. Idon kyamarar ya fito, ya saita, ya danna. Mun ji ƙara, ko kuma ni dai na ji. Sai gilashin baya ya yi baƙi.

"An yi?" in ji Inna.

"An yi, Inna."

"To nuna mini."

"Sai an wanke."

"Kai da ka ce naka ba a wanke shi? Ko dai tsohuwa ta lalata maka kaya?"

Ta yi dariya har da tari. Ba ta kai wata biyu ba bayan nan.

Ranar babu katin ajiye hotuna a cikin kyamarar, ya bar shi wurin masu wanke hoto. In hoton ya ɗauku, to yana cikin cikinta, kuma ba ya fitowa sai ta kunnu. Lawali ya zagaye babbar kasuwa. Ya ba direbobi sautu Jibiya da Katsina da Kano. An kawo masa batiri har uku, wani ya yi tsawo, wani haƙoransa ba su dace ba, wani ya shiga amma bai yi komai ba.

Daga nan ya koma rubuta wa kamfanin da ya ƙera ta. Yakan je sibar, shagon intanet, bayan an tashi makaranta, in akwai wuta, ya zauna ya tsara wasiƙa da Faransancinsa mai kyau. Amsar farko da Ingilishi ta zo, sai da ya nemi mai fassara. Sun gode masa, sun ce ya kai ta ofishinsu na Legas. Ya sake rubutawa ya ce shi a Nijar yake, ba Najeriya ba. Suka sake gode masa, suka sake ba shi Legas. A ta uku suka ce ya aiko da takardar saye mai hatimi. Ina takardar saye ga tsaraba? Ya je gidan Alhaji, Alhaji ya ce shi ko shagon ba zai iya tunawa ba. Ta ƙarshe ta ce sun daina yin irin wannan, amma suna da sababbi masu kyau.

"Abdu," ya ce da ni, "ban ce su ba ni kyauta ba. Ban ce su yi mini ta'aziyya ba. Cewa na yi su faɗa mini inda ake saida shi. Kowace wasiƙa da sunan mutum daban, kuma ba wanda ya karanta ta bayansa."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, ko a kan albashin da ake riƙe musu.

Bayan sadakar arba'in Rakiya ta ba ni jakarsa. A ciki na tarar da kyamarar a naɗe cikin hula, idonta a waje kamar yadda ya tsaya a gaban Inna. Ga kuma wasiƙun, ya buga su a takarda ya jera. A ƙasan ta biyu akwai wasu layuka na gargaɗi, ya ja wa ɗaya layi da jan biro irin na gyaran jarrabawa. Na kai wa wani abokin aikinsa ya karanta mini. Cewa aka yi kada a bar batiri a rana ko kusa da zafi, yana iya kumbura ya mutu.

Ke nan ya sani. Wata bakwai ya yi a duniya bayan wannan wasiƙar, muna cin abinci kwano ɗaya duk Juma'a, bai taɓa ce mini komai ba. Har yanzu ina juya abin. Ko ya ja layin ne don ya nuna mini sannan ya fasa? Ko batirin dama ya zo ƙarshe, rana ba ta ƙara masa komai ba? Wani lokaci in ce fushin da ya yi ta yi da kamfanin nawa ne, ya juyar da shi can don kada ya sauka a kaina. Wani lokaci in ce ina ɗora masa tunanin da bai yi ba.

Yau da zai dawo, ban san abin da zai ce ba. Kowace mai tallan goro tana da kyamara a salularta. Jikokin Inna suna ɗaukar tuwo kafin su ci. Abin da ya ce za a yi musunsa, ana musunsa ko da hoton a hannu. Wataƙila ya yi murna, wataƙila ya rasa abin da zai ɗauka. Hotunansa na taruka suna nan cikin kwali, fuskoki ɗari-ɗari, ba mai tambayarsu. Abin da ɗalibansa ke tuna mini in mun haɗu shi ne bai taɓa kunyata yaro a gaban aji ba. Da sun faɗa, sai in tuna jan layin nan.

'Yarsa Nana tana goye lokacin da Inna ta rasu. Yanzu ta zama budurwa, ana cewa ita ce ta ɗauko kamanninta, tana so ta gani da idonta. Bara ta samo wani mai gyaran salula a Sabon Gari. Da ta yi masa bayani, ya ce zai iya haɗa wa kyamarar waya kai tsaye ta samu wuta. Ya ce tana iya kunnuwa, tana iya ƙonewa da abin da ke ciki, kuma tana iya kunnuwa a tarar babu komai.

Nana ta ce, "Baba Abdu, in babu, ai mun sani ke nan."

Gaskiyarta. Sau biyu muna sa rana, sau biyu ina cewa ruwan gona ya hana ni. Kyamarar tana wurina, ban kai ta ba tukuna.