Gogo Lauratu da Gyaɗar Ranar Juma'a

Gogo Lauratu ƙanwar kakata ce. A Rawayau take zaune, kuma da ƙuli-ƙuli aka san ta. Duk hutun da aka ba mu daga jami'a a Dutsin-Ma wurinta nake sauka, don ita kaɗai ce ba ta tambayata dalilin shiruna. Ita ke yin maganar, rabinta ma ba da ni take ba.

Tana matsar mai sai a ji ta ce, "Ya Rabbi, Ka ga yadda man nan ya fito yau? Gaskiya Ka iya gyaɗa." In akuyarta ta haihu, Shi take fara gaya wa kafin maƙwabta. Wata mai sayen ƙuli ta taɓa ba ta shawarar ta yi sadakar waina don kasuwa ta buɗe. Gogo ta ce sadaka kam za ta yi, amma ita ba ta kai wa Ubangijinta toshi.

A unguwarsu akwai al'ada tun kaka da kakanni: ranar Juma'a ba a taɓa aikin gona. An ce wanda ya taɓa, ƙwaro zai cinye masa rumbu.

A kakar bara, maƙwabcinta Sabitu ya tuge gyaɗarsa ya shanya a gona, sai ya faɗi a babur ya karye a ƙafa. Matarsa Nana kuwa tana da tsohon ciki. Da hantsin wata Juma'a hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. In ruwa ya doki gyaɗar nan a shanye, baƙi za ta yi ta tsira, kuma ita ce abincinsu na shekara.

Gogo ta dubi sama, ta ci ɗamara, ta miƙo mini buhuna.

A ƙofar gida muka haɗu da yayanta, Malam Hashim, ya sha farar riga zai tafi masallaci.

"Lauratu, ina zuwa da buhu yau Juma'a?"

"Gonar Sabitu, Yaya Malam. Haramun ne?"

Ya shafa gemu. "A littafi dai babu hani a kanki. Amma kin san bakin mutane, kin kuma san abin da ake faɗa kan rumbu."

"Rumbuna da ƙwaron duk Mai su ɗaya ne. Mun saba da Shi, Yaya. Ba zai ga Nana da ciki ba Ya ce in zauna ina kallon hadari."

"Ke dai tun kina yarinya bakinki ya fi ki girma."

"Ka je ka yi mana addu'a, kada ka makara kamar ranar aurenka."

Yana dariya ya wuce.

Muna cikin tattara gyaɗa mata suka fara leƙowa ta kan danga. Adama mai koko ta ɗaga murya: "Gogo, rumbunki fa!"

"Ki zo ki riƙe mini bakin buhu, in ƙwaron ya zo sai ya raba mana!"

Adama ta waiga hagu da dama, sai ta tsallako. Bayanta wasu suka biyo, kowacce tana cewa ita kallo kawai ta zo yi, hannunta kuwa yana cikin gyaɗa. Gogo na aiki tana ɗaga kai: "Ya Rabbi, ruwanKa ne, ba na ce Ka fasa ba. Amma dubi matan nan, abin dariya ko?"

Buhunan suka cika, ba mu da abin ɗauka, ga iska ta taso. Sai muka ji ƙarar amalanke. Malam Hashim ne ya sauko daga masallaci ya ɗauro shanunsa, farar rigar tana naɗe a kafaɗa.

"Juma'a ta sauko," ya ce, ba ya kallon kowa. "Ku loda."

Yayyafi ya kama mu a hanya, buhun ƙarshe ya ɗan jiƙe. Sauran muka jibge a zauren Sabitu a bushe, sannan ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Sabitu na kwance kan tabarma da ƙafa a ɗaure, yana bin buhunan da kallo. Nana ta fasa gyaɗa guda, ta ga ƙwayar jajir, ta fashe da kuka tana dariya.

Gogo ta matse zanenta, ta ce, "Ke, kukan ya isa. Ɗora mana tukunya, a dafa wannan da ya jiƙe kafin ya yi fushi."

Muka zauna a zauren, jiƙe sharkaf, muna cin dafaffiyar gyaɗa har ruwa ya ɗauke.