Kibiya a Turke

A gidanmu na Mawashi, da an kwashe tuwo, kakarmu Iya Dije ba ta barin wutar murhu ta mutu a banza. Sai ta tura karan dawa, ta watsa gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta. Tsohuwar akwai baki. Ko a tatsuniya, idan ta raina mutum sai ta ja tsaki kafin ta ambaci sunansa.

Wanda ya fi shan tsakin nan shi ne Tanko mai akuya. Da damina kowa yana ɗaure dabbarsa saboda shuka, wannan ba abin magana ba ne. Amma shi Tanko kullum gani yake akuyarsa na hararar gonar maƙwabci, sai ya rage mata igiya. Gobe ya ƙara ragewa. Kaskon ruwanta kuwa yana nan inda ya ajiye shi tun farko. Ya tafi cin kasuwa kwana uku, ya dawo ya tarar da ita a miƙe ta mutu, taki ɗaya ne tsakanin bakinta da kaskon.

"Kun san mi wawan ya ce?" in ji Iya. "Wai, 'Alhamdu lillahi, ko ganye guda ba ta ci ma kowa ba.' Tir! Ku ci gyaɗarku."

Mu dai dariya muke yi. Ban san wata rana zan yi wa Tanko aiki ba.

Bayan rasuwarta da shekaru na samu aiki a wani shagon kwamfuta a Kankia. Mai shagon mutum ne da yake ganin duk wanda ke ƙarƙashinsa ɓarawon lokaci ne. Ya ɗauko wani ya sa wa kwamfutocin wata manhaja da ke tsare kibiyar maus cikin shafin aiki kaɗai. Ki ja ta gefe, ta tsaya cik. Maɓallan sauya shafi ma an toshe su, lambar buɗewa kuma tana kansa. Har burga yake wa abokansa da wannan shirmen.

Ranar ƙarshe ta rajistar takin zamani, wani dattijo ya zo daga Yashe. Na shigar da komai, saura hotonsa. Sai wani ɗan akwati ya fito a kusurwar allo, wajen shafin, yana neman a danna izinin kyamara. Na ja kibiya, ta tsaya, bai fi faɗin yatsa tsakaninsu ba. Mai shago ya tafi ɗaurin aure Katsina, wayarsa a kashe.

"Ɗiyata, ya shiga?"

"Saura kaɗan, Baba."

Sau huɗu ina faɗa masa haka, har aka rufe rajistar da la'asar. Ya ninke takardarsa ya sa cikin hula, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Kunya ta hana ni kallon fuskarsa.

Da ina yarinya na ɗauka labarin Iya na tausayin akuya ne. A'a, na raina mai igiya ne, wanda ya ƙware a hanawa bai taɓa tambayar ina ruwa yake ba.

Washegari mai shagon ya shigo yana ƙamshin turare, ya duba kwamfutata, ya washe baki.

"Kin gani? Jiya ba na nan, amma ko minti ɗaya babu wanda ya leƙa wani shafi."

Ban san lokacin da tsakin Iya ya fito daga bakina ba.