Jan Fenti a Jikin Ɗorawar Kaka

Jan fenti na fara gani. Ban ma kai gida ba. Na sauka daga motar kasuwa a bakin hanyar Mairuwa da ƙullin kayana a ka, na yanke ta cikin saurarmu, sai na tarar an shafa wa kowace ɗorawa ja a jiki, daidai kafaɗar babban mutum. Fentin bai gama bushewa ba, ya gangaro siriri kamar an yanki bishiyar. Har yau in na wuce inda ake fentin ƙofa, warin yakan mayar da ni wannan bazarar.

Ina aji biyar a firamaren Faskari a lokacin, ina zaune wurin gwaggona, sai an yi hutu nake zuwa ƙauye. Ni yarinya ce marar magana. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Kallo kawai na iya, shi kam babu wanda ya fi ni. Shekarun nan ne kuɗin mai suka fara isowa har wurinmu. Duk hutun da na zo sai na ga sabon abu: rufin kwano a gidan mai gari, rediyo rataye a ƙahon keke, samari sun tafi birni aikin gini.

In ba a ƙauye ka tashi ba, bari in gaya maka mece ce saura. Gona ce da aka bari ta huta. Ta ciyar da gida har ta gaji, sai a ɗauke mata fartanya, ciyawa ta rufe ta, shanun Fulani su kwana a ciki, bayan wasu damuna a dawo mata. Tamu ta babana ce. Amma ɗorawar da ke cikinta ba tasa ba ce, ta mahaifiyarsa ce, Kaka, ita ma daga uwarta ta gada. A wurinmu ƙasa daban take, bishiya daban. Da kalwar waɗannan bishiyoyi Kaka take daddawa, da ita take miya, da ita take zumunci, albarkacinta ne ba ta taɓa roƙon ɗanta ko sabulu ba.

Na tarar da ita a tsakar gida tana kwaɓa laka da ruwan makuba, wanda ake jiƙawa daga ɓawon ɗorawa don daɓen ɗaki.

"'Yar boko, kin zo? Aje kayan, ɗauko ƙwaryar can ki biyo ni."

A hanya ta ba ni labari. Wata ƙungiya ce ta ƙasashen waje, wadda ta zo bayan farin da aka yi, wai hamada na tahowa daga arewa, za su tare ta da bishiyoyi. Sun nemi fili wurin mai gari, ya nuna musu saurarmu da ta maƙwabta, Baba ya yarda don an yi alkawarin takin zamani da aikin gadi. Za a dasa bishiyar turare a jere, sahu-sahu. Duk bishiyar da aka shafa wa ja, sarewa za a yi.

"A sare icce don a dasa icce," in ji Kaka. "Ke da kike karatu, a wane aji ake koyar da wannan?"

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, tana yaɓa laka a kan jan, ina riƙe da ƙwarya. Washegari leburori suka kankare suka sake shafawa. Muka sake yaɓawa. Baba ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, ya ce, "Inna, don Allah ki rufa mini asiri, na riga na ba mai gari baki."

"Bakinka ka ba shi. Gonarka ce, ka ba wanda ka so. Iccena fa, yaushe na ba ka?"

Daga nan ta kwashe murhunta gaba ɗaya ta kai gindin babbar ɗorawar. Can ta dafa kalwa, can ta surfa, can ta rufe ta da ganye ta ruɓa. Wanda ya san warin daddawa a rana ta uku ya san abin da nake nufi. Matan unguwa masu bishiya a wurin suka biyo ta da tabarminsu, wasu da kaɗi, wasu da goyo. Leburorin suka zo da gatari suka tsaya nesa. Yawancinsu yaran ƙauyen ne, babu wanda bai sha miyar Kaka ba. Ɗaya ya ce, "Kaka, aiki aka sa mu." Ta ce, "To bismilla, fara da ni, na fi iccen taushi."

Ranar kasuwar Mairuwa sai ga farar mota. Wata Baturiya ta fito, doguwa, hancinta ya saɓule da rana, takalminta na maza. Tare da ita akwai tafinta, saurayi ɗan birni mai wando mai faɗin ƙafa, yana toshe hanci da hankici. Mai gari da Baba suna biye.

Ina bayan Kaka, na ɓuya da gefen zanenta. Baturiyar ta yi tambaya, tafinta ya juya wurin mai gari ya ce, "Tana cewa, ba kai ka ce wurin nan ba mai amfani da shi ba?" Mai gari ya ce, "Ni cewa na yi saura ce." Tafinta ya mayar mata da Turanci. Turancina kaɗan ne, amma kalma ɗaya na kama, don kullum malamin lissafi yana faɗarta: in an raba bakwai gida biyu, uku-uku, saura ɗaya. Sunan wannan ɗayan da ya rage ya faɗa mata. Ashe tun farko abin da ta ɗauka ke nan, ragowar ƙasa ce da aka raba aka bari.

Sai na ja zanen Kaka na raɗa mata a kunne.

Kaka ta miƙe da muciya a hannu.

"Kai, ɗan nan! Ragowa ka ce mata? In uwarka ta kwanta hutawa da azahar, ragowa ta zama?"

Mata suka kwashe da dariya. Tafinta ya ce, "Haba Iya, duk ɗaya ne ai. Kuma wa ke cin daddawa yanzu? Ga ɗanɗanon kanti ya zo, ɗan mitsitsi a takarda."

"Ka gaya mata yadda na faɗa. Kar ka rage, kar ka sa mini suga."

Ya faɗa, ko duka ko rabi, Allah masani. Baturiyar ta daɗe tana kallon sama, inda ɗorawa ta nuna tana lilo. Ba zan yi mata ƙarya ba, ba muguwa ba ce. Ta ga garuruwan da rairayi ya binne, tsoron da ke idonta na gaske ne. Kaka ta ɓare ɗorawa ɗaya ta miƙa mata, ta lasa, garin ya bar mata rawaya a leɓe ba ta sani ba. Aka yi ta magana har inuwa ta juya. A ƙarshe aka ce ba za a sare ba, za a karkata sahun turaren ya kewaye su.

Mata suka yi guɗa. Ni ban yi ba, don na ga abin da ke bayan motar: naɗin waya mai ƙaya da turakun ƙarfe. Za a kewaye filin duka saboda awaki, ƙofa ɗaya tak, can bakin titi inda mota ke tsayawa. Daga gidanmu sai an zagaya gari. Kaka ga ciwon gwiwa, ga kwandon ɗorawa a ka. An bar mata bishiyarta, an kuma raba ta da ita. Na dubi Kaka, ita ma ta gani, amma muryarta ta dushe, ta zauna a kan turmi tana haki.

Yau turaren nan babu ko ɗaya. An sare shi an yi rufi da itacen girki, wayar ma tuni aka kwashe. Babu mai barin gona ta huta yanzu, mutane sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, jikokina ba su san saura ba sai ta lissafi. Ƙungiyoyi kuwa ba su daina zuwa ba, kuma na ji yanzu ɗorawa suke rabawa a baƙar leda, suna koya wa mutane amfaninta. Ba na yi musu dariya, ina dai so su riƙa tambayar mata kafin su buɗe gwangwanin fenti. Biyu daga cikin bishiyoyin Kaka suna nan tsaye. 'Yar hanyar da ta bi ta tsakaninsu har yau Ƙofar Tsohuwa ake ce mata, ko da yake masu faɗar ba su san wace tsohuwa ba, ba su kuma san wa ya roƙa ba.

A waccan ranar dai, Baturiyar ta riga ta kama murfin mota. Ban san lokacin da na saki zanen Kaka ba. Na ratsa ta gaban mai gari, ta gaban Baba, na tsaya a gabanta. Tafinta ya ce, "Ke kuma fa?" Ban dube shi ba. Duk Turancin da na koya ya gudu, sai kalma ɗaya da ke ƙarƙashin hoto a littafin aji ɗaya. Na nuna wayar, na nuna rufin gidanmu, na faɗi sunan ƙofa da harshenta. Sauran na ƙarasa da nawa, da ƙarfi, yadda kowa ya ji:

"Don Allah, ta nan gefen. A bar wa kakata ƙofa."