Kaskon Gwaggo Dije

Assalamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ni ba. Masu cewa na yi girman kai, ga amsarku: numfashin magana ma ba ni da shi, balle ƙarfin rubutu.

Kun san bara aka cire mini nonon hagu a Yamai saboda ciwon daji. Na dawo Dogon Dutsi, aka yi sadaka, na koma koyar da yara a lakwal. Kowa ya ce an gama.

Bayan girbi tari ya kama ni, busasshe. Aka ce ƙaiƙayin gero ne. Na sha siron tari har na gaji. Sai ya zama in na karanta wa yara layi biyu, dole in dafa tebur in huta.

Aka yi mini radiyo, wato hoton ƙirji, aka sake tura ni Yamai. Likitar ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce, "Madam, ciwon ya kai huhu. Ba zan ce za ki warke ba, amma za mu iya riƙe shi. Ki kiyayi hayaƙi da ƙura."

Na ji tsoro. Har yanzu ina ji.

Maigidana ya sayar da motonsa, babur ɗin da yake hawa, muka koma shimiyo, maganin da ake ɗurawa ta jijiya. Gashi ya zube, baki ya yi ɗaci. Wannan na san shi tun karon farko. Abin da ban shirya masa ba shi ne masoyana.

Gwaggo Dije, yayar babana wadda ta raine ni, ta taho daga ƙauyenmu kusa da Tibiri da ƙullin saiwoyi. Ta ga yadda nake haki, ta ce, "Ɗiyata, wanga ba na likita ba na. Doguwa ta ta zamna miki ga ƙirji. Hayaƙi ɗai ka tashe ta."

Sanusi, ƙanen maigidana, ya ce shirka ce, ba a gidan yayansa ba. Na ce a raina na samu mai ceto. Washegari sai ga shi da nasa turaren, wai na Musulunci, a zuba a garwashi in shaƙa bayan ruƙiyya.

Mutum biyu da ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba, sun haɗu a kan hayaƙi! Masu dubiya kuma kowace ta sha humra, wata har da turaren wuta, wai ɗakin ya yi ƙamshi.

Na maimaita wa Gwaggo abin da likita ta ce. Ta ce, "Ita ta raine ki ko ni?"

Ku gaya mini, wa ke ɗaga murya ga matar da ta goye shi? Na zauna a tabarma. Ta ajiye kaskon garwashi a gabana, ta lulluɓe ni da zane.

Tari ya turnuƙe ni. Ina son in ce a buɗe, ba numfashin faɗa. Ita kuwa ƙara danne zanen take, tana cewa, "Daure, ga ta nan za ta hita!"

A asibiti na farka, da robar oksijan a hanci.

Da aka sallame ni na tara gidan. Na ce ciwon daji ne a huhu, ba doguwa ba, ba sammu ba, kuma duk wanda ya sake shigo mini da garwashi ya sani kwanana yake ragewa. Sanusi ya yi fushi ya fita. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Hoton ƙarshe ya nuna ciwon bai ƙaru ba. Ban warke ba, don Allah ku daina yi mini barka da warkewa. Ina shan magani, ina zuwa Yamai a duba ni, ina kai kaina ƙofar gida ba tare da na dafa bango ba.

'Yan'uwana mata, in an taɓa yi miki aikin nono, tari ya ƙi ƙarewa, ki nemi radiyo, kada ki tsaya siro. Masu dubiya, ku zo da addu'a, ku bar turare a gida.

Na gode wa Allah, da maigidana, da masu jinyata.

Gwaggo ba ta ba ni haƙuri ba, kuma har gobe ta ce doguwa ce. Amma ta ƙi komawa ƙauye. Ta kwashe murhunmu ta kai bayan gida, can take dama mini kunu cikin rana. In ta gama sai ta wanke jiki, ta sake zane, ta tsaya bakin ƙofa da kwano a hannu.

"Ɗiyata, in shigo? Ko da sauran warin hayaƙi gare ni?"