Dariyar da ta raba Ladi da Yohanna

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne aminiyata Ladi a Fadan Kaje. Tare muka fara koyarwa a wata firamare a Kafanchan, ba da daɗewa ba bayan yaƙin basasa, muna 'yan mata, ɗaki ɗaya muke haya kusa da tashar jirgin ƙasa.

Ladi tana son sinima, amma ba ta kallo baki rufe. Fim ɗin Indiya ta ce waƙarsu da daɗi, sai dai kukan ya yi yawa. Na kaboyi kuwa ta ce mutanen da ba sa noma, ba sa wanka, sai harbi. Wanda ta tsana har ranta shi ne na 'yan leƙen asiri, irin Baturen nan mai kwat da bindiga a hammata, wanda ba shi da uwa ba shi da gida, kowace ƙasa ya sauka sai ya bar gawa. Samarin garin kuwa shi ne gwaninsu. Har tafiyarsa suke kwaikwaya.

Cikinsu akwai Yohanna, akawu a reluwe, wanda zai aure ta. An riga an kai kaya, an sanar a coci. Wata Asabar ya kai mu kallon irin wannan fim. A ciki wata mace ta ɓoye ɗan leƙen asirin, ta ci amanar mutanenta saboda shi, aka kashe ta. Ya zo ya tsaya kan gawar, ya yi wata ba'a, ya gyara wuyan rigarsa ya wuce. Sinima ta ɗauki shewa. Yohanna ya yi dariya har yana dukan benci. Ladi ta dube shi, ta ɗauki jakarta ta fita, na bi ta.

Kafin sati ya zagayo ta sa an mayar da kaya. Mahaifinta ya zo daga ƙauye ransa a ɓace, fasto ya kira ta gaban dattawa.

"'Yata, saboda fim za ki fasa aure?"

"Baba Fasto, fim ƙarya ne, na sani. Dariyar ce ba ƙarya ba."

An zage ta sosai. Matan zumuntar coci suka ce boko ya lalata ta, mahaifinta ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta. Sai da ta kusa talatin ta auri wani malamin asibiti, suka zauna lafiya. Shi ma Yohanna ya yi aure, kuma gaskiya ban taɓa jin ya ɗaga wa matarsa hannu ba.

Yau ginin sinimar ya zama shaguna, fim ya koma cikin waya. Kwanan baya mai keke ya kaɗe wata mata a bakin kasuwa. Tana kwance jini na zuba, samari sun kewaye ta suna ɗaukar bidiyo, ɗaya yana ta barkwanci don masu kallo. Da Ladi tana nan, na san da sandarta za ta kore su, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure raunin. A da sai an biya tikiti ake yi wa gawa dariya, yanzu kyauta ne, kuma jinin na gaske ne.

Ladi ba ta bar dukiya ba. Ta bar ɗalibai mata da suka koyi cewa mutum yana iya tashi ya fita. Ranar jana'izarta Yohanna ya zo da furfurarsa, ya zauna a bencin baya. Da aka tashi ya gaishe ni, ya ce, "Malama Saratu, har yau ban san laifin da na yi mata ba."

Na yarda da shi, bai sani ba. A ranar ce na gama tabbata Ladi ta yi daidai.